Abin da nake dubawa kafin in sa manhajar ofis a kwamfuta

Shagona ƙarami ne a Zariya: kwamfuta uku, firinta biyu, injin fotokwafi ɗaya, ni da yara biyu. Abincinmu buga wasiƙu ne da takardun neman kwangila, da jadawalin albashin ƙananan makarantu, sai furojet ɗin ɗalibai idan lokacinsa ya zo. Kwanan baya maƙwabcina mai sayar da siminti ya sayi kwamfuta, ya leƙo ya ce, "Malam, wace manhajar ofis zan sa?" Na ce, "Alhaji, zauna tukuna mu ga aikin da za ta yi maka."

Guda uku kowa ya sani: ta rubutu, ta lissafi, da ta haska bayani a allo, wato Word da Excel da PowerPoint a wajen Microsoft. Ta ukun nan sai mu yi wata ba mu buɗe ta ba. Ta lissafi kuwa ita ce ƙashin bayan ɗan kasuwa, kuma a nan na fi shan wuya.

Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Excel na ɗaukar ta a matsayin adadi, sai ta share sifilin farko ba tare da ta ce uffan ba. Wata rana mun buga wa wata makaranta jerin albashi, aka kai banki, aka dawo da shi saboda wasu lambobin sun koma tara-tara. Malamai suka ƙara kwana biyu ba albashi, abin ya tsaya mini a rai. Tun ranar, duk layin da za a zuba lambar asusu ko ta waya, sai mun mayar da shi na rubutu kafin a danna komai. Haka ma lambar da tsawonta ya wuce alƙaluma goma sha biyar, ragowar sifili take komawa. Na kuma koya wa yarana su ajiye harajin VAT a gida ɗaya, sauran lissafin ya riƙa ɗauka daga can. Da aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, wuri ɗaya muka gyara.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Manhajar da ba ta bambanta "ƙasa" da "kasa" ba ta gama yi mini aiki ba. A da da fon (wato salon haruffan kwamfuta) ɗin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira muke bugawa, kuma ya fitar da mu kunya, sai dai in aka kai takardar kwamfutar da babu shi, haruffan su rikice. Yanzu da Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya a kwamfutoci, ɓ da ɗ da ƙ suna isa ko'ina lafiya. Alamar ₦ ma ina so in same ta ba tare da lalube ba.

Wuta kuma sai yadda ta yiwu. Word na adana abin da ake bugawa duk minti goma, ni na mayar da namu biyu. Google Docs na da daɗi in mutum biyu za su gyara takarda ɗaya, amma ba na ɗora aikin shago a kan sabis ɗin da kan ɗauke da rana tsaka.

Kwastoma yanzu a WhatsApp yake turo takarda, yawanci daga WPS, manhajar ofis ta wayarsa. Dole manhaja ta buɗe docx da xlsx, wato fayil ɗin Word da na Excel, ba tare da tebur ya goce ba, ta kuma fitar da PDF. A duba girman takarda ma, don wasu da na Amurka suke zuwa, mu kuwa A4 muke amfani da ita.

Maganar kuɗi: Microsoft 365, wato tarin su Word da Excel, haya ce, duk wata ko duk shekara. Office 2016 da 2019 kuma kamfanin ya daina kula da su tun 14 ga Oktoba, 2025. Ta sata da ake yawo da ita a filash ba na sa wa kowa, na ga yadda take shigo da bairos.

Alhaji dai LibreOffice na sa masa, wadda ake bayarwa kyauta tun 2010. Na tsara masa shafin buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita, da na masu bashi. Ranar Asabar zai turo yaronsa in nuna masa yadda ake cikewa.