Abin da sauya fitilun titi ya koya mini a Aboabo

Ni mai gyaran wuta ne a Kumasi, kuma ina cikin waɗanda ɗan kwangila ya ɗauka aikin sauya fitilun titi a Aboabo da Asawase. A baki aikin ba wuya: ka hau turke, ka kwance tsohuwar fitilar sodiyom mai hasken nan ruwan lemo, ka ɗaura ta LED.

Ribar a fili take. Tsohon ƙwai yana cin wat 250, ban da abin da cok ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita masa wuta, ke lashewa, alhali LED mai wat 100 ta ishi titin unguwa. Darenmu kusan awa 12 ne rani da damina, ke nan yunit 3 ya koma 1.2 a kowane turke. Duk wanda ya sha dumso, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Ghana, a 2015 ya san darajar wannan. Kuɗin ma namu ne, domin akwai harajin fitilun titi cikin kuɗin wutar da muke biyan ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana.

Da damina ta kankama sai wasu fitilun suka fara mutuwa, mutane suna cewa an kawo mana jabu. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya: ƙwayoyin hasken lafiyarsu lau, direba ce ta ƙone, wato akwatin da ke daidaita musu wuta. Sodiyom na da juriya, amma direba ba ta jure tsawa, ko wutar da aka ɗauke ta dawo da ƙarfi. Turakun da aka sa wa na'urar kare tsawa, aka kuma binne musu wayar ƙasa da kyau, su ne suka kai rani. Awa 50,000 da ake rubutawa a jikin kwali cewa fitila za ta yi tana aiki ba ta cika a kan ruɓaɓɓiyar waya. Abin yana mini ciwo, domin kariyar ba ta kai kuɗin fitila ba, amma ita ake fara sokewa idan ana neman arha.

Sai fotosel, wato na'urar da ke kunna fitila idan duhu ya yi, ta kashe ta idan gari ya waye. Idan ya lalace fitila takan wuni a kunne, kashi biyu cikin uku na ribar ya tafi.

Wata asuba Hajiya mai koko ta tare ni ta ce, "Ɗana, wannan farin hasken naku soka ido yake yi." Gaskiyarta. Muka sunkuyar da kan fitilar ya kalli titi, muka sa mai kelbin 4,000 a madadin 6,500 (kelbin ma'aunin launin haske ne, idan lambar ta ragu farin hasken yakan lafa).

Yanzu kafin in karɓi aiki sai an yarda a rubuta lamba a kowane turke, a kuma ajiye direbobi na canji, yadda duk wanda ya kira zai faɗi turken da ya mutu, mu gyara shi a ranar.