Abin da cocin MIT ya koya mini game da haske

A darasin tarihin zanen gine-gine aka ba mu aikin nazarin ƙaramin cocin jami'ar MIT da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda Eero Saarinen ya zana, aka buɗe shi a 1955. Daga waje ba abin burgewa ba ne. Kewayayyen gini ne na jan bulo, kai ka ce rumbu, faɗinsa wajen mita 15, tsayinsa mita 9, kuma babu taga ko ɗaya a jikin bangonsa.

Sai da muka zana shi kamar an tsaga shi biyu sannan dabarar ta fito fili. Ta hanya biyu haske ke shiga. Akwai kewayayyar kafa a rufi, daidai saman bagaden farin marmara. Daga nan mai sassaƙa Harry Bertoia ya rataya ƙananan sassan ƙarfe a jikin siraran sanduna, hasken na sauka yana tartsatsi a kansu har ƙasa. Hanya ta biyun ce ta fi ɗaukar hankalina. Ginin na zaune ne cikin ruwa marar zurfi, bangon waje kuma ya tsaya a kan gajerun bakuna masu siffar bakan gizo. Rana ta bugi ruwan, hasken ya dawo sama ta wani gilashi da aka ɓoye a gindin bango, ya riƙa rawa a kan bulon ciki. Bangon cikin ma ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwashe-lanƙwashe yake yi, kuma da gangan aka zaɓi bulo mai kaushi don hasken ya sami abin kamawa.

Tun daga lokacin, kafin in sa taga a zane nakan tambayi kaina: me wannan hasken zai taɓa, kuma da ƙarfe nawa? Yawancinmu ɗalibai jera tagogi muke yi don fuskar gini ta yi kyau a takarda kawai.

An yi wurin ne don mabiya addinai daban-daban, shi ya sa Saarinen bai jingina da alamar wata ɗarika ba. Duhu da haske ya bar wa aikin sa mutum ya nutsu.

Hasumiyar alminiyon ta mai sassaƙa Theodore Roszak da aka ɗora a kai a 1956 kuwa, har yau ban ga abin da ta ƙara wa ginin ba.