Daga Kano zuwa Guwanzu, awa nawa ce?

Da baje kolin Canton da ake yi a birnin Guwanzu na ƙasar Chana ya gabato, wato Afrilu da Oktoba, ofishina na sayar da tikitin jirgi ba ya rabo da 'yan Kantin Kwari. Kafin mutum ya zauna ya jefo tambaya: "Malam, awa nawa ce tafiyar?"

In aka miƙe, tsakanin Kano da Guwanzu kusan kilomita 11,000 ne. Sai dai babu jirgin da ke miƙewa can daga filin Malam Aminu Kano. Yawancin fasinjojina ta Adis Ababa nake bi da su: wajen awa 5 zuwa filin Bole, a ɗan jira, sannan awa 10 da ɗoriya zuwa filin Baiyun. Dawowa kan ɗara haka, don jirgi na karo da iskar sama mai kaɗawa daga yamma.

Agogo ne ke rikita mutane. Kowane lokaci da ke jikin tikiti, lokacin garin da aka rubuta ne. Habasha na gaba da mu da awa 2, Chana da awa 7. Wani Alhaji ya taɓa lissafa tashi da sauka da yatsunsa, ya dawo da faɗa wai na zaɓa masa doguwar hanya don in ci riba. Na ɗauko agogo biyu na jera masa a tebur. Sai ya yi dariya, amma duk da haka bai tafi ba sai da ya nemi ragi.

Wannan lissafi a wurin kawuna na koye shi, tun ana rubuta tikiti da hannu a kan takarda mai jan kabon, kafin a daina a 2008. Wata rana na ce wa fasinja jirginsa daren Laraba ne, alhali 00:30 na Laraba tun daren Talata ake zuwa fili. Jirgi ya tafi ya bar shi. Kawu bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗana, ɗauko kalanda." Wata guda ina karanta masa jadawali da baki, in na kuskure mu koma farko.

Shi ya sa masu sayar da tikiti ta WhatsApp ke ƙona mini rai. Su turo wa bawan Allah takardar kama kujera su ce tikiti ne, alhali tikitin gaske lambobi 13 gare shi. Ko su haɗa masa canjin jirgi na minti 50, ko jiran awa 20 a kan benci, wai don araha. In ta ɓaci, wurina ake kawo gyara, har da cewa "ai wancan yaron ya fi ka sauƙi."

Duk wanda ya yanka a wurina, da biro nake rubuta masa lokacin sauka sau biyu, na Guwanzu da na Kano, don iyali su san lokacin da za su fara kiran waya.