Hannun hagu da kwanon tuwo

Ranar da takardar ƙarin girma ta iso, aka ce na zama babbar jami'a a sashenmu, wanda ya fara faɗo mini a rai wani dattijo ne daga Tudun Wada a Kaduna. Ina sabuwar ɗauka aka kawo mana shi, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Sunan aikinmu a takarda okupeshonal terafi, a cikin asibiti kuwa O.T. kawai ake cewa. Masu jinya 'yan gashi suke kiranmu, don suna haɗa mu da masu fiziyo. Kafaɗa da kafaɗa muke tafiya da su, amma kowa da gonarsa. Su sun fi mayar da hankali ga ƙarfin gaɓa da tafiya da rage ciwo. Mu tambayarmu ita ce, da wannan jikin da ya rage wa mutum, yaya zai ci abinci, ya kama ruwa, ya sa rigarsa, ya koma shagonsa?

Da aka ba ni dattijon nan, na ɗauko ma'aunin Barthel kamar yadda aka koya mana. Tun 1965 ake amfani da shi, abubuwa 10 yake dubawa, daga cin abinci da wanka har hawa matakala, a tara maki zuwa 100. A gurbin cin abinci na rubuta sifili, tunda matarsa ke ba shi a baki. Daga nan na duƙufa a kan hannun daman, mako biyu cur, ina miƙar da yatsu ina sa shi kama ƙwallo. Shi kuwa kullum ramewa yake. In surukarsa ta shigo da abinci sai ya juya fuska bango.

Shugabarmu ta lokacin, wadda ta yi ritaya yanzu, ta zo zagaye ta duba fayil ɗin, ba ta ce mini komai ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa, ta gaishe shi a tsanake, sannan ta ce, "Baba, a cikin duk abin nan, me ya fi damunka?" Harshensa ya yi nauyi, kamar yadda yakan faru in ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ta jira. Ni a tsaye har na ƙosa. Can ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya kalle shi, ya ce, "Hagu."

Ashe hannun lafiya lau yake, zai iya kai loma baki. Mutum ne da ya haura saba'in bai taɓa cin abinci da hagu ba, kuma ya gwammace yunwa da ya fara yanzu. A ba shi a baki a gaban suruka kuma, wannan wani ciwon ne daban. Takardata ba ta da gurbin wannan, ni ma ban tambaya ba.

Shugabar ta kira babban ɗansa ta ce ya zo da limamin unguwarsu. Malam ya zauna a bakin gado ya yi masa bayanin lalura, cewa wanda damansa ya gaza babu laifi a kansa. Sai bayan nan aikinmu ya samu shiga. Muka nemo kwano mai zurfi, muka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame, aka sassauta tuwon, koko kuma a kofi mai mariƙi. Tunda hannun nan ɗaya shi ne na tsarki shi ne na ci, muka tsaya a kan cokali da wanke hannu da sabulu. Alwala ta fi ba mu wuya, don mai hannu ɗaya ba zai riƙe buta ya kuma wanke hannun da ke riƙe da ita ba. Bokiti aka huda aka sa masa kan famfo, aka ɗora a kan kujera 'yar tsuguno. Ranar da ya yi alwala da kansa, matarsa fita ta yi baranda tana share hawaye da gefen mayafi. Hannun daman bai dawo yadda yake ba har aka sallame shi, amma ya koma gida yana ci da kansa.

Matasa kan tambaye ni hanyar shiga aikin. Digiri ne na shekara biyar, kuma Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ce aka fi sani da shi. Bayan shi akwai shekara guda ta horon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Akwai kuma makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, mai ba da difloma ga mataimaka. Ba wanda zai taɓa majinyaci sai da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu irin aikinmu rajista, wadda dokar 1988 ta kafa, kuma duk shekara ake sabunta shi. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, da aka kafa a 1952, ta gindaya cewa ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da majinyata kafin ya gama. A aikin gwamnati kuwa, a matakan tsakiya sai an shekara uku a mataki kafin a zauna jarrabawar ƙarin girma. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda bai san yadda jijiyoyin hannu suka bi ba, ɓarna zai yi da kyakkyawar niyya. Sai dai duk littattafan da muka karanta a kan gidan da ke da bahon wanka da masai na zama aka rubuta su, mu kuwa majinyatanmu Rigasa da Kawo da Unguwar Mu'azu za su koma.

Shi ya sa nake nacewa a kan zuwa gida, ko da a Keke Napep ne da kuɗin aljihuna. Na taɓa koya wa wata baiwar Allah sauka daga keken guragu zuwa gado har ta ƙware. Da na je gidan, sai na tarar babu gado, katifa ce a ƙasa, dokin ƙofar ya kai taƙi guda, masai kuma na tsuguno ne a can ƙarshen tsakar gida. Wata guda na aikina ya tashi a banza. Tun daga nan Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, ta zama mini kamar wani reshe na sashenmu. Kafintocin can da masu walda, in ka zana musu abu a takarda ka faɗi awo, za su fitar maka da kujerar bayan gida, ko kujerar kusurwa ta yaron da bai iya zama ba, a kuɗin da talaka zai iya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gyara gine-ginen jama'a. Dokin ƙofar ɗakin mutum kuwa sai wanda ya je ya gani da idonsa.

Abin da ban shirya masa ba a wannan matsayi shi ne ɗaukar nauyin aikin da ba hannuna ya yi ba. Wani matashi mai horon aiki a ƙarƙashina ya haɗa wa wata mata abin tallafar hannu, irin robar nan da ake tausasawa a ruwan zafi a lanƙwasa daidai da gaɓa. Aikin ya yi kyau a ido. Layi ya yi tsawo ranar, na sa hannu a fayil ban cire robar na duba fatar ba. Ƙa'ida ita ce a sa na ɗan lokaci a cire, in jan da ya bari bai baje cikin kamar minti 20 ba, to yana matsa wurin, a gyara. Matar ba ta jin taɓi a hannun, don haka ba ta yi ƙorafi ba. Bayan kwana biyar ta dawo da gyambo a kan ƙashin wuyan hannu. Yaron ya tsaya jikinsa na rawa. Na ce masa ya zauna, ni na je na ba ta haƙuri, na gaya wa mijinta laifin nawa ne, don sa hannuna ne a takardar. Sai da gyambon ya ɗauki makonni kafin ya warke, makonnin da ya kamata a ce muna aikin yatsunta. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Yanzu ba na sa hannu sai na ga fata, kuma ranar farko nake ba duk sabon ɗalibi wannan labari da bakina.

Sauran aikin babba takardu ne da taro: jadawalin aiki, rubuta buƙatar kaya da a kan daɗe ba a gani ba, rahoton wata. Wanda na fi ba muhimmanci a ciki shi ne bin likitoci zagayen ɗakin marasa lafiya. A ƙasar nan an fi sanin sana'armu a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa, saboda haka likita da yawa ba ya tuna mu in ya ga mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda wuta ta ƙona. Alhali watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa. In an turo mutum bayan shekara, yatsu sun riga sun ƙanƙame, kafaɗa ta saki saboda 'yan uwa suna ɗaga shi ta hannun da ya shanye. Don haka nake tsayawa a bakin gado in nuna wa mai jinya da hannuna: kada a ja wannan hannun, a tallafe shi da matashi, a juya shi duk bayan awa biyu, in za a sa riga hannun da ya shanye ke fara shiga, in za a cire shi ne na ƙarshe.

A makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini fayil ɗin wani tela daga Kasuwar Bacci, ta cike kowane gurbi tsaf. Na tambaye ta keken ɗinkinsa na ƙafa ne ko na wuta, da wace ƙafa yake takawa, kuma wa ke zura masa zare. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti, bari in koma in tambaye shi." Ta dawo bayan rabin awa da bayan takardar cike da rubutu, muka zauna muka sake tsarin aikinsa daga farko.