Abin Da Ƙwallo Ta Ci Mini

Ɗan ƙanwata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Yana aji biyu na babbar sakandare, amma tun da aka dawo daga hutu zuwansa makaranta ya zama jefi-jefi. Da asuba yana filin unguwa, da la'asar yana can. Uwarsa ta kira ni a waya muryarta na rawa, wai wani mutum ya zo filinsu ya ce zai kai yara gwaji ƙasar waje, kowa ya kawo kuɗin fasfo da biza da na jirgi, shi kuma yaron ya kafe sai ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na gwal. Na je na zaunar da shi. Ina magana yana latsa waya. Da na ce ya ɗago ya dube ni, sai ya ce, "Kawu, ku a zamaninku babu hanya, yanzu duniya ta canja." Bakina ya mutu, domin kusan abin da na faɗa wa mahaifina ke nan a 1994, Allah ya jiƙansa.

Makarantar kwana na yi a jihar Kano, kuma lamba bakwai nake bugawa. Ba yabon kai ba, ina da gudu, ina da yanka, idan na kama gefen layi sai dai a bi ni da ido. Tun ina aji uku aka sa ni cikin manya. Daga ranar rayuwata a makarantar ta sauya. Yaron da jiya ake sa shi gwale-gwale a rana, yau siniyoyi ne ke kiransa su ba shi garin kwaki da sukari. Ba na yankan ciyawa, ba na wankin banɗaki. Idan wasa ya gabato, ana ware mu 'yan ƙwallo a ɗakin cin abinci, sauran ɗalibai na fama da gabza da miyar kuka tsululu, mu ana zuba mana shinkafa da nama, a haɗa mana shayi da madara. Karatun dare kuwa an yafe mana, wai mu huta. Ranar da muka ciwo kofi, a kafaɗa aka ɗauke ni tun daga bakin ƙofar makaranta har gaban ofishin shugaba, ana buga bokitai ana kiran sunana. Ina ɗan shekara goma sha shida. Ku gaya mini yaron da za a yi wa haka ya koma ya zauna yana haddace jadawalin sinadarai.

Kuma ku tuna wane zamani ne. Ina firamare a 1985 lokacin da yaran Najeriya suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a ƙasar Sin suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara goma sha shida. An kafa Kano Pillars a 1990, muna ƙananan azuzuwa. Daniel Amokachi da Tijjani Babangida 'yan Kaduna ne, suna jin Hausa kamar mu, ga su a Turai. Shekarar da za mu rubuta jarrabawar fita, a watan Afrilu Najeriya ta doke Zambiya biyu da ɗaya a Tunisiya ta ɗauki kofin Afirka, a watan Yuni kuma Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya ƙwallo a Amurka ya kama raga yana jijjigawa yana ihu. Mun kalli wannan a talabijin ɗin gidan wani malami, mun cika tsakar gidan har kan katanga. Babu wanda ya kwana a cikinmu bai ga kansa a cikin ragar nan ba.

Na daɗe ina ɗora wa makarantar laifi, kuma har yanzu ban sauke mata duka ba. Suna buƙatar kofi a kan teburin shugaba, sun samu. Malamin wasanni ya san ba na shiga aji, shi ne ma yake zuwa ya roƙar mini idan an kama ni. An yi ta ciyar da ni gaba daga aji zuwa aji da makin da ni kaina na san ban ci ba. Mahaifina bai yi boko ba, idan na kawo katin sakamako sai ya tambaye ni ko na wuce, na ce na wuce, ya sa mini albarka. To wa zai tsawata?

Amma ƙarya nake idan na ce babu wanda ya tsawata. Malaminmu na lissafi, wani dattijo mai farin gemu, ya tare ni wata rana a bayan ɗakin gwaje-gwaje, takalman ƙwallo na rataye a wuyana. Ya ce, "Yaro, zo nan. Wannan ƙafar da kake taƙama da ita, rana ɗaya za ta iya ƙi maka. Ka zo gidana bayan isha'i, ni zan koya maka, ba na son ko sisinka." Na durƙusa na ce to, Malam. Ban taɓa zuwa ba. Har na riƙa kwaikwayon tafiyarsa a ɗakin kwana abokai na dariya. Wannan abu ya fi komai ci mini rai, kuma ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Akwai kuma abin da ban gane ba sai da girma ya zo. Makarantar cike take da ƙungiyoyi, kuma duk na raina su. Akwai 'yan muhawara da kacici-kacici, akwai ƙungiyar Hausa masu wasan kwaikwayo daren Asabar, akwai JETS ta masu haɗa wayoyi da batura, akwai manoma matasa da aka yanka musu kunya-kunya a bayan ɗakunan kwana, ga 'yan sikawut, ga MSS ta ɗalibai Musulmi da ke tara mu karatu tsakanin magariba da isha'i. Mu 'yan ƙwallo muna kiran waɗannan yara ragwaye. Akwai wani siririn yaro da yake bin mu fili da biro da takarda, ranar Litinin ya rubuta labarin wasan a kwali da kyakkyawan rubutu ya manna a allon sanarwa. Ko sannu ban taɓa ce masa ba, sai dai in je in duba ko ya sa sunana. Yau muryarsa nake ji a rediyo idan na buɗe shago da safe. Wanda yake kiwon kajin ƙungiyar manoma, muna toshe hanci idan ya wuce, yanzu gonar kaji gare shi, yana ɗaukar ma'aikata. 'Yan muhawara sun koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba, ni kuwa har yau idan aka miƙo mini makirufo a taron iyayen yara sai gumi ya karyo mini. Awa ɗaya a mako waɗannan abubuwa suke ci. Ina da awar, girman kai ne ya hana.

Lokacin da 'yan ajinmu suka duƙufa bita da fitilar ƙwai, ni ina tsallake katanga ina zuwa buga wa wani kulob na cikin gari, ana ba ni kuɗin mota da na sabulu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na shiga ɗakin jarrabawa na zauna ina kallon takardar lissafi har aka ce a ajiye biro. A lokacin WAEC ce kaɗai, NECO ba ta fara ba sai 2000. Sakamako ya fito, babu Ingilishi, babu lissafi, kiredit ɗina bai kai biyar ɗin da ake nema ba. Mahaifina ya ce zai sayar da tumaki ya biya mini in sake ta Nuwamba. A nan ne na gaya masa waccan maganar, cewa shi bai san yadda duniya take tafiya yanzu ba. Bai ce komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Sauran labarin gajere ne. Na yi yawon ƙananan kulob-kulob, albashi sai an ga dama. Na je gwaji wani babban kulob na tarar da ɗaruruwan irina, wasu sun fi ni komai. Wani ya ba ni shawara in rage shekaru, na je na yi takardar rantsuwa na zaftare. Sannan wata yamma a wani fili mai tsakuwa, na juya da ƙwallo, ƙafa ta kafe a rami, na ji gwiwa ta yi ƙas. Aka ɗauke ni a babur zuwa wurin mai ɗori. Ya ja, ya murza, ya ɗaure da karare, alhali ƙashi lafiyarsa lau, jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, ita kuma aikin likita ce. Ban san haka ba sai bayan shekaru. Masu kulob sun zo dubiya sau ɗaya. Daga nan na zama yaron shago a Kantin Kwari, ina ɗaukar dilar atamfa da gwiwa mai ciwo.

Alhamdu lillahi, ban wulaƙanta ba. Ina da shagona, ina ciyar da iyalina. Kuma wani lokaci idan na zauna sai in ce, ai ƙwallon nan ita ta hana ni shaye-shaye da daba lokacin da sa'o'ina da yawa suka faɗa, ita ta koya mini tashin asuba da juriya, ita ta ba ni aminan da har yau muke zumunci. Ga masu digiri nan birjik suna tuƙa adaidaita sahu, me takardar ta tsinana musu? Haka nake lallashin kaina. Amma ranar da aka ba unguwarmu guraben aiki, mai unguwa da kansa ya sa sunana, aka ce in kawo takardar sakandare, na dawo gida na rufe ƙofa. Mai digirin da ke tuƙa adaidaita yana da abin da zai miƙa idan an tambaya. Ni ba ni da shi.

Ku yaran yanzu, na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, na ma rubuta su a bayan rasit, amma da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne.

Kada ku bar makaranta. Ko za ku mutu a kan ƙwallo, ku fito da kiredit biyar ɗinku har da Ingilishi da lissafi tukuna. Babbar gasar Najeriya kulob ashirin ne, kowanne mutum goma sha ɗaya yake sawa a fili. Ku lissafa, sannan ku ƙirga yaran da ke filayen unguwarku kaɗai. Segun Odegbami injiniyanci ya karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka lauya ne har ya riƙe kwamishinan shari'a a jihar Ribas, kuma dukansu suna cikin waɗanda suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980. Karatu bai rage musu gudu ba.

Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya kai ku Turai, ɓarawo ne, ko da ya zo da babbar riga da carbi. Kulob ɗin da yake son ɗan wasa shi yake aiko da takardar gayyata ya biya jirgi. Dokar FIFA ma ta hana a sayi yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara goma sha takwas, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun halaye. Kullum kuna kiran sunan Ahmed Musa, to ku bi hanyarsa ku gani. A nan gida ya buga wa Kano Pillars, ya ci ƙwallo goma sha takwas a kaka ɗaya ya fi kowa a gasar, sannan VVV-Venlo ta Holan ta neme shi a 2010, kuma sai da ya jira ya cika shekarun kafin ya fara buga mata. Wa ya ji an ce uwarsa ta kai wa wani baƙo kuɗi a bakin fili?

Abin da yake ƙona mini rai da yaran yanzu shi ne, rabinku ma ba ƙwallon kuke bugawa ba. Kuna gidan kallo har tsakar dare kuna zagin juna a kan Arsenal da Chelsea, kuna zuba kuɗin tara a cacar waya, yaro ya san albashin kowane ɗan wasa a Ingila bai san ranar da zai rubuta JAMB ba. Ku zagaya fili sau biyu sai haki. Mu ko ba komai mun yi gumi. Wani lokaci har nakan ce gara ku watsar da ƙwallon gaba ɗaya ku huta. Sai kuma in wuce wata makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya, babu ko inda yaro zai yi tsalle, ko in ga filin makarantar gwamnati an yanka shi an jera shaguna, sai tausayinku ya kama ni. A'a, ku buga. Wanda Allah ya ba ƙafa ya buga da gaske, ya shiga gasar makarantu, ya nemi a gan shi a gasar matasa ta Kofin Ramat, kada ya saurari mai cewa wasa aikin banza ne. Amma ranar Laraba ko duk ranar da makarantarku ta ware wa ƙungiyoyi, ku cire takalmin ku shiga ɗaya, ko muhawara ko noma ko wasan kwaikwayo, ku zauna a ƙarƙashin yaron da kuke ganin kun fi.

Idan gwiwa ko idon sawu ya yi ƙara ya kumbura, asibiti za ku, a ɗauki hoto. Mai ɗori yana da ranarsa, amma ba ya ganin jijiya.

Kuma kada ku taɓa shekarunku. Tun 2009, shekarar da aka yi gasar 'yan ƙasa da goma sha bakwai a Najeriya har Kano ta karɓi wasanni, FIFA ta fara sa wuyan hannun yara a na'urar MRI tana duba ko ƙashin ya gama haɗewa don gane shekarunsu, an kuma sha sallamar yara daga sansani saboda haka. Ko kun tsallake na'urar, takarda tana nan tana jiran ku. Ni ranar haihuwata biyu ce a rubuce, ta makaranta daban, ta rantsuwa daban. Da aka zo zamanin BVN da katin ɗan ƙasa sai suka ƙi haɗuwa, asusuna ya tsaya ana tsakiyar cinikin sallah, na bar shago a hannun yara ina bin layi daga wannan ofis zuwa wancan da furfurata, ina yi wa 'ya'yan cikina bayanin ƙaryar da na yi tun ba a haife su ba.