Abin da na gani cikin ludayi

Yau da hantsi na raka ƙanwata, ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni, gonakin shinkafa na Saga da ke gefen Yamai, wai in riƙe mata kwalabe. Ta tsuguna bakin wata ƴar kwata, ta sa farin ludayi ta ɗebo ruwa a hankali, ta ce, "Yaya, matso ki gani, amma kada inuwarki ta faɗa kansu." Ban ji ba, na leƙa. Nan take duk suka nutse ƙasa! Sai da muka yi tsit kafin suka sake tasowa ɗaya bayan ɗaya. Tsutsotsin sauro ne. Ta nuna mini wasu da suka rataya kai ƙasa, bututun numfashinsu na taɓa saman ruwa, ta ce Culex ke nan, masu hana mu barci da kuka a kunne. Sai ga wata siririya kwance shame-shame a fuskar ruwan kamar tsinken ciyawa. Ita ba ta da bututun, shi ya sa take kwanciya haka. Anopheles ce, mai kawo zazzaɓin cizon sauro.

Jikina ya yi sanyi wallahi. Damina nawa na kwana asibiti ina fifita yaro, ban taɓa ganin mafarin abin ba sai yau. Ƙanwar tawa ta ce a zafin Yamai, kwana goma ma ya ishi wannan tsutsar ta tashi daga ƙwai ta yi fiffike. Ta zuƙe ta da ɗan bututun roba, ta rubuta kwanan wata jikin kwalbar.

Tun da na dawo nake tunanin kududdufin da ke bayan gidanmu, yau kwanansa goma sha biyu bai ƙafe ba.