Yadda na yi asarar kuɗi har sau biyu kafin in dace da littafin anatomi

Ranar da sunana ya fito a makarantar koyon aikin jinya ko rajista ban gama ba na fara zumuɗin sayen littafi, wai ni a dole sai na shiga aji na riga kowa sanin komai. Baba ya ƙirgo kuɗi ya miƙo min yana cewa "ki sayo mai kyau wanda za ki gama makaranta da shi, kar ki dawo min da maganar wani", na ce to Baba in sha Allahu. Washegari na hau danfo daga Agege zuwa Oshodi, daga nan na kama ta Yaba, wurin masu baza littattafai a bakin titi.

Mai littafin ya tambaye ni nas zan karanta ko likita, kuma wallahi tambayar arziki ya yi min, ni ce dai girman kai ya hana ni amsawa kai tsaye, na ce ya ba ni wanda ya fi kowanne. Shi kuwa ɗan kasuwa me ruwansa, ya zaro Gray's Anatomy for Students ya ɗora min a hannu, nauyinsa kaɗai ya sa na ji na zama wata. Dama na sha jin sunan Gray, asalin littafin tun 1858 Henry Gray ya fitar da shi a Ingila, wannan na ɗalibai kuma wasu ne daban suka rubuta shi a zamanin nan. Na biya na rungumo abina har gida, ƙannena suna ta buɗe hotuna suna ihu.

Sati na biyu da fara lakca malamar anatomi, wato ilimin ƙirar jiki, da fisiyoloji ta raba mana takardar tsarin darasi, a nan jikina ya yi sanyi. Su a makarantar jinya tsari-tsari ake bin jiki, yau ƙwayar halitta da nama, gobe jini, sai zuciya da hanyoyin jini, sai numfashi, narkar da abinci, fitsari, haihuwa, haka dai har a zagaye. Littafina kuwa yanki-yanki yake bi, baya, ƙirji, ciki, ƙugu, ƙafa, hannu, kai da wuya, saboda an yi shi ne don ɗaliban likitanci masu shiga ɗakin gawa suna feɗewa, duk abin da ke cikin ƙirji a haɗa shi wuri guda. To in malama ta ce gobe tes a kan narkar da abinci, sai in nemo baki a babin kai da wuya, bututun da abinci ke bi zuwa ciki a babin ƙirji, tumbi da hanji a babin ciki, ƙarshen hanji a babin ƙugu, ina ta juya shafi kamar mai neman allura a rami. Abin da ya fi ci min rai ma, bayanin yadda gaɓoɓin suke aiki, wato fisiyoloji, ba shi ne aikin littafin ba, alhali rabin kwas ɗinmu ke nan. Littafin ba shi da laifi ko kaɗan, ba don ni aka rubuta shi ba.

Kuma ga PTS a gabanmu, watannin farkon nan da ake tace ɗalibai, in ka faɗi jarabawar ƙarshensu sai dai ka tattara kayanka. Duk wanda ya bi ta makarantar jinya ya san irin fargabar.

Wata siniyarmu 'yar Idi-Araba, ita ma Bahaushiya, ta gan ni a masallaci ina fama da shi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce "ƙanwata wa ya haɗa ki da wannan, ke Ross and Wilson za ki nema". Cikakken sunansa Ross and Wilson Anatomy and Physiology in Health and Illness, an fara buga shi a 1963, yanzu Anne Waugh da Allison Grant ne ke sabunta shi, kuma tun asali don masu koyon jinya aka yi shi. Na ce Anti kuɗin fa sun ƙare. Ta ce ki koma Yaba akwai mai araha.

Mama ce ta ba ni daga kuɗin adashinta ba tare da Baba ya sani ba, na koma na sayo mai arahar a hannun wani, yana cikin leda a liƙe ban buɗe ba sai a gida. Ashe na jabu ne. Takarda shara-shara ana hango rubutun baya, hotunan duk baƙi da fari sun dushe, wasu shafukan babin jijiyoyi ma an maimaita su wasu kuma babu su kwata-kwata. Wanda bai karanta anatomi ba zai ce ai kala ado ne kawai, a'a, ƙa'ida ce a zanen jiki, jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ja ake mata, mai dawo da shi shuɗi, jijiyar saƙo ta ƙwaƙwalwa da laka ruwan ɗorawa, hanyoyin limf, wani ruwan jiki mai taimakawa wajen yaƙar cuta, kore. In duk suka koma toka-toka me ya rage? Mu Hausawa ma abin ya fi mana wuya, don a bakinmu duk jijiya ce, ta jini jijiya, ta saƙo jijiya, har wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi a agara wasu jijiya suke ce mata, kalar nan ce take raba min su a kai tun kafin sunayen Latin su zauna. Araha dai ba ta ado, na gani da idona.

Daga ƙarshe siniyar nan ce ta haɗa ni da wata da ta gama, ta sayar min da nata na hannu, na asali, bugu na 13 na 2018, duk ta ja layi da maka ruwan hoda amma ko shafi ɗaya bai ɓace ba. Na ɗan damu don akwai bugu na 14 a kasuwa, sai malama ta ce mana a aji ƙasusuwan baligi 206 ne a tsohon bugu 206 ne a sabo, jijiyoyin kai tagwaye 12, na laka tagwaye 31, ba wanda ya ƙara ko ɗaya. Inda sabon bugu yake da amfani shi ne ɓangaren cututtuka da gyaran hotuna, wannan kuma ɗan shekarar farko zai iya leƙawa a laburare. Tunda darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin littafin waje sabo fil ya fi ƙarfin yawancinmu, don haka na hannu ba abin kunya ba ne, ni dai yanzu ba na biyan kuɗi sai na buɗe na duba hotuna, na bi lambar shafuka a wurare uku huɗu, na duba fihirisar baya tana nan.

Abin da na so a Ross and Wilson, kowane babi zai faɗa miki yadda gaɓa take, ya faɗi aikinta, sannan a ƙarshe ya kawo cututtukan da ke kama ta a taƙaice, to ranar da aka fara kai mu wod, ɗakin kwantar da marasa lafiya, na ji ana maganar mai ciwon ƙoda ƙafafunsa sun kumbura ban tsaya zuru ba, na tuna aikin nefron, ƙananan matatun da ke cikin ƙoda, wajen tace jini da daidaita ruwa da gishiri. Turancinsa ma mai sauƙi ne, wanda ya fito daga sakandaren gwamnati irina zai bi ba sai da ƙamus a gefe kowane layi ba. Amma gaskiya wani wurin yana taƙaitawa da yawa, yadda saƙo ke gudu a jijiya da yadda tsoka ke tsukewa sai da na karanta sau uku ban gane ba. A nan manyan littattafan Amurka suke da rana, na Tortora da Derrickson ko na Marieb da Hoehn, kowanne ya haura shafi 1000, suna bi da ke a hankali da zane mataki-mataki. Ban saye su ba kuma ban ga dalilin saye ba, laburare nake zuwa in karanta shafi biyar ɗin da nake buƙata in ajiye musu kayansu. Wata 'yar ajinmu ta sayi Tortora sabo, har muka gama zango na farko ba ta wuce babi na huɗu ba.

Akwai kuma na OpenStax da jami'ar Rice ta Texas take fitarwa kyauta, halal ne ba na sata ba, kina sauke PDF ɗinsa a waya shi ke nan. Ya taimake ni a cikin go-sulo na hanyar Ikorodu, sai dai karatu a waya ga WhatsApp na ƙiftawa ga an ɗauke wuta caji ya kusa ƙarewa, ni dai ban iya dogara da shi kaɗai ba. Sannan a lura, na Amurka da na Ingila suna da ɗan bambanci, sinadarin jikin da na Ingila ya kira adirenalin na Amurka efinefrin zai ce, rubutun wasu kalmomi ma ya bambanta kuma malamanmu irin na Ingila suka saba da shi, sukarin jini wani ya ba ki a mmol/L wani a mg/dL, sai kin ninka da 18 kafin su haɗu, 5.5 ya zama kusan 100. Na taɓa rikicewa a tes saboda wannan.

Zuciya kuwa ba littafi ne ya gama koya min ita ba, Kawu ne. Mahauci ne a mayankar Oko-Oba, ranar wata Asabar na ce Kawu don Allah ka ajiye min zuciyar sa guda da maƙogwaro da ƙoda, ya ce "likitar gidanmu miya za a yi ko karatu", na ce karatu. Ya tsaga min ita da wuƙarsa a kan tire, ga ɗakuna huɗu kamar yadda aka zana, bangon ɗakin ƙasa na hagu kauri sosai don shi ke tura jini duk jiki, na dama siriri tunda huhu kawai zai kai, ga wasu zaruruwa farare suna riƙe da marufan ƙofofin. Na sa yatsa na bi babbar jijiyar har ta fito, na shafa guringuntsin maƙogwaro na ji zoben bai rufe ta baya ba. Da na ɗauki ƙodar na ce Kawu wannan ba ta yi kama da ta littafi ba, duk ta yi ƙulli-ƙulli, ya karɓi littafin ya kalli hoton da kyau ya ce "wannan ai irin ta akuya ce", ya aika yaronsa ya kawo ta akuya, sumul kamar ƙwayar wake, muka tsaga ta biyu muka ajiye kusa da shafin.

Gray ɗin yana nan a saman durowar Mama an ɗora masa kwalbar turare, ƙanina da ke SS2 ya ce a bar masa shi likita zai zama. Baba har yau bai san sau uku na sayi littafi ba, in ya ga na hannun nan mai layin ruwan hoda sai ya ce wai ni ban iya riƙe kaya ba, littafi sabo har na tsofar da shi.